Jirgin Da Na Yi Wa Shafi

Asabar, 4 ga Mayu
Yau na kafa ƙungiya. Ni, tela, da kaina. Ƙungiyar masu tashin jirgin leda, irin wanda muke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya da zare muna yara. Mu shida muka zauna a ƙofar shagona, aka zaɓe ni shugaba ba hamayya, don dama bencin nawa ne. Mai Faci ya ce gandan-gandan da mu za mu koma wasan yara, amma shi ya fara rubuta sunansa. Duk Asabar da yamma, a filin bayan gidanmu.

Na ce musu can iska ta fi kaɗawa. Ban ce musu tagar Yaya filin take kallo ba. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bai taka ƙofar gida ba, wai kada a gan shi yana jan ƙafa. Likita kuwa ya ce in bai riƙa takawa ba, ƙafar ta tafi ke nan. Yaya ne ya koya mini jirgin nan, kuma a zamaninsa ba mai kamo shi.

Talata, 7 ga Mayu
Na gaya wa Yaya. "Allah ya ba da sa'a," in ji shi, ya juya fuska bango. Abin ya yi mini ciwo.

Alhamis, 9 ga Mayu
Shugaba guda ba zai tashi leda ba. Na ɗinka nawa da shuɗin yadi, na yi masa shafi, kalmasa ninki biyu, har da aiki a tsakiya. Shekara talatin ina kan keke, ban taɓa sakin bakin yadi babu kalmasa ba, ban kuma taɓa farke ɗinkina ba. Mai ɗakina ta ɗaga shi ta ce, "Jirgi ne wannan ko rigar ango?" Ita me ta sani.

Asabar, 11 ga Mayu
Na Mai Faci, wata baƙar leda da ya liƙe da gam, ya tashi har ya koma ɗigo. Nawa, gudu tara na yi, yana bina a ƙasa kamar akuya a igiya. Na ce iskar yau ce ba ta da tarbiyya.

Labulen Yaya ya motsa sau biyu. Na gani.

Laraba, 15 ga Mayu
Mun kai sha ɗaya! Na rubuta dokoki: ba kusantar wayar lantarki, ba tsinke zaren wani, ba yi wa shugaba dariya. Na ƙara wa nawa jela mai geza.

Asabar, 18 ga Mayu
Ina cikin gudu na huɗu sai na ji fili ya yi tsit. Na waiga. Yaya ne, da sanda, yana jan ƙafa, gumi sharkaf, daga ƙofar gida har tsakiyar fili. Na ruga zan tare shi, ya ture hannuna. Ya karɓi jirgin ya jinjina.

"Kai, sati biyu kana zubar mana da mutuncin gida ta tagata. Bargo kake so iska ta ɗauka? Ina rezarka?"

Gaban jama'a ya sa ni na farke shafin, na farke kalmasar, na yanke gezar. Mai Faci ya karya doka ta uku har da riƙe ciki. Yaya ya kama zare da hannunsa mai lafiya, ni na riƙe jirgin. "Kada ka saki sai na ce. Yanzu!"

Ya tashi. Wallahi ya tashi, ya wuce na Mai Faci. Yaya ya yi dariya, da rabin baki, amma dariya ce. Ban taɓa alfahari da ɗinkina kamar yadda na yi da wannan tsumman ba. Da aka tambaye ni me ya sami idona, na ce rana ce.

Lahadi, 19 ga Mayu
Mai Faci yana ta yaɗawa wai da gangan na yi jirgin da nauyi don in fito da Yaya, wai tela akwai dabara. Ban musa ba. Ni da kai, littafi, mun san gaskiya.

Da hantsi Yaya ya zo shago da ƙafarsa, ya zauna a benci, yana faɗa wai zarena ba ƙwari. Bayan ya tafi na ɗauko takardar ƙungiya na gyara layin farko. Shugaba: Yaya. Ni mai ajiye zare.

Dama rubutun wurin ya ɗan karkace.