Mun Noma Mata Gona, Ta Zauna Mana a Bita

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha biyu suka rage mini. Kada ki buga sunana. Na san duk wanda ya taɓa zama aji huɗu a wata firamare da ke gefen Dayi zai gane ni tun kafin ya kai tsakiyar wasiƙar nan. To wanda ya gane ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa.

Shekarata ashirin da uku ina koyarwa, kuma ina noma kamar kowane malami a yankinmu. Duk malamin firamaren da ya ce miki alli kaɗai ke ciyar da gidansa, ki tambaye shi hanyar gonarsa, zai nuna miki. Ni tawa masara ce da waken suya.

Ranar da na karɓi lasisin koyarwa na yi murna ba kaɗan ba. Na kai shi Malumfashi wajen kafinta ya yi masa firam da gilashi, na rataye a falo daidai inda baƙo zai gani da ya yi sallama. Maiɗakina Rabi'atu kowace Juma'a sai ta goge shi. Ni a tunanina irin takardar kwaleji ce, in ka samu ka samu har abada. Ashe kafintan nan, Allah ya yafe masa, katakon firam ɗinsa ya rufe layin ƙasa, inda aka rubuta ranar da wa'adin lasisin zai ƙare. Sai makon jiya na ɓalle ƙusoshin na duba. Gwaggo, shekara huɗu ke nan Rabi'atu tana goge mataccen lasisi.

Da wannan ne kaɗai da da sauƙi. Babbar matsalar ita ce bita.

Kin san ana kiran malamai bitar ƙarin ilimi lokaci-lokaci, a ba kowa takardar shaidar halarta. To wanda ke tsara lokacin bitar nan ban san ko ya taɓa riƙe fartanya ba, domin kullum a dogon hutu ake sa ta, tsakiyar damina, lokacin huɗa da sa taki. Ciyawa kuwa ba ta san ana bita ba. Shi ne shekara shida da suka wuce, ni da abokin aikina Malam Mudi da wasu malamai biyu muka zauna muka yi dabara. Akwai wata malama a makarantarmu, Malama Adaku, haifaffiyar Funtua, mahaifinta kayan gyaran babur yake sayarwa. Hausarta ta fi tawa, amma ba ta da ko taku ɗaya na gona. Muka yankar mata gayauna a bayan makaranta, muka ce mu za mu noma mata tun daga shuka har girbi, ita kuma ta riƙa zuwa bita, in ta dawo ta koya mana abin da aka yi. Muka sa wa abin suna gayyar bita. A lokacin har tausayin malaman wasu makarantu muke ji da ba su da irin basirarmu.

Kuma wallahi ba ta ci amana ba, har ta wuce yadda muka so. Duk ranar da ta dawo sai ta tara mu ƙarƙashin mangwaro bayan la'asar, mu da taɓon gona a ƙafa, ta buɗe littafinta. Ta sa mu yanka kwali. Ta raba mu rukuni-rukuni, alhali mu huɗu ne. Ta sa mu tafi muna rera waƙar baƙaƙe, da gemunmu da komai, masu wucewa a kan babur suna rage gudu suna kallo. Har aikin gida take ba mu, ta kuma duba da jan biro. Ni kuwa na ɗauki abin da gaske, na kai aji. Yanzu ɗan aji huɗuna yana karanta wasiƙar gidansu ba tare da an nemo masa kowa ba. Wani mai duba makarantu ya taɓa zama a ajina, ya yaba, ya tambaye ni inda na koyo wannan salon. Na ce daga bitar Malumfashi. Ki duba ki gani, ai ban yi ƙarya ba, daga can ɗin ya fito.

Farkon zangon nan takarda ta zo daga ofishin ilimi. Duk wanda lasisinsa ya ƙare ya sabunta kafin ƙarshen zango, ya haɗa da takardun shaidar bita. Wanda ya makara irina akwai tarar latti, kuma in ba shi da takardun sai ya zauna bitar cike giɓi ta mako biyu. Wanda bai yi ba za a ɗauke shi daga aji. Kin san wa ya karanta mana takardar? Malama Adaku, domin bara aka ba ta shugabancin makarantar. Fayil ɗinta ya yi kauri da takardun bita shida, kowace da sunanta. Mu kuwa muna da kantar hannu.

Na same ta a ofis, na fara da gaisuwa mai tsawo, na tambayi tsohonta da kasuwa, sannan na lallaɓa na ce ko za ta rubuta cewa mun halarta, tunda ilimin ai yana kanmu. Ta ce masara dai ta ci, ta gode, kuma ba ta taɓa cin mai daɗinta ba. Ta ce za ta rubuta cewa ni ne malamin da ya fi kowa aiki da abin da aka koyar, ta sa hannu ta buga hatimi. Amma ba za ta rubuta na zauna kujerar da ban zauna ba. Sai ta miƙo mini takarda, ashe har ta sa sunana a bitar cike giɓin da za a yi a Malumfashi. Na fito raina a ɓace. Shekara shida ina yi mata huɗa!

Bitar nan nan da kwana goma sha biyu za a fara, daidai lokacin da waken suyana zai isa cira. Kin san halinsa, in ya bushe aka bar shi sai ya fashe ya zube a ƙasa, tsuntsaye su yi godiya. Sannan ita Malama Adaku tana cikin masu koyarwa. Sannan na ji cewa cikin waɗanda za mu zauna tare akwai matasan malamai biyu da ni na koya musu riƙe fensir.

Malam Mudi ya ce in daina wahalar da kaina. Ya samo wani mai shagon kwamfuta a Funtua wanda ke cire suna ya sa wani, ba ka iya bambancewa. Shi har an yi masa duka shidan, daga hoton takardun Malama da ya ɗauka a waya. Na gani da idona, sun yi kyau, har wadda aka yi ta malamai mata zalla a kan kula da 'yan mata masu tasowa. Ya ce kowa haka yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai, Gwaggo, a garin nan an san ni da tsanani a kan kiran suna. Yaron da ya amsa wa abokinsa, su biyun sai sun share filin makaranta. Da damina har gona nake bin iyaye in karɓo yara. Alhaji Manu, maƙwabcin gonata, mun yi shekara ba ma gaisawa sosai saboda na same shi a tsakiyar aiki ya tsare ɗansa a gona ranar makaranta, na ce masa gona tana iya samun wani hannu, amma kujerar aji mai ita kaɗai take jira. In mutumin nan ya ji labarin gayyar bita, na san har masallaci sai ya bi ni da dariya.

Ina son ajina. Ban iya komai ba sai shi da noma, kuma in an ce in zaɓa, ajin zan zaɓa, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Rabi'atu ba ta san komai ba, na mayar da firam ɗin inda yake, jiya ma ta goge. In bi Mudi Funtua ne? In koma in sake roƙon Malama? Ko in bar wake ya zube in je in yi tafi a gaban yaran da na koyar?

Naki,
Mai Alli da Fartanya, daga gefen Dayi

Malam Mai Alli da Fartanya,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, musamman wajen Malam Mudi da bitar mata. Ka gaishe shi, ka ce Gwaggo ta ce ya shirya bayanin yadda ya shiga zauren, da irin mayafin da ya sa. Wannan takardar kaɗai ta ishe ka amsar tambayarka ta farko. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu duba takardun nan suna da rajistar da kowa ya sa hannu. Yanzu laifinka makara ne, kuma makara tana da ƙofa, ka gani da kanka a takardar da aka aiko. Jabu kuwa ba tara ake biya a kansa ba, aikin ake rasawa, da sunan da ka yi shekara ashirin da uku kana ginawa. Kada ka je Funtua sai in taki za ka sayo. In kana ƙaunar Mudi, ka zaunar da shi ya yaga nasa tun ba su bar hannunsa ba.

Ban ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Sa bita a tsakiyar damina ga malaman da rabin abincinsu daga gona yake fitowa abin dubawa ne, kuma ya kamata ku rubuta koke ta hannun ƙungiyarku, da sunayenku a ƙasa. Kuma kai ba ragon malami ba ne. Wanda ya dawo daga huɗa ya zauna yana yanka kwali don yara su iya karatu, ba a kiransa mai gudun ilimi. Sai dai takardar halarta ba shaidar abin da ke kanka ba ce, shaidar inda jikinka ya zauna ce. Gayya tana noma gona, tana ɗaga ɗaki, amma ba a shan magani a madadin mara lafiya.

Malama Adaku kuwa ka daina jin haushinta. Yarjejeniyarku ilimi a bakin masara ce, ta kuma cika har da gyara. Ba ku yi da ita za ta yi muku shaidar zur ba. Matar da ta ƙi yi maka ƙarya, ta kuma sa sunanka a bita tun kafin ka roƙa, ta fi maka abokin da ya nuna maka shagon kwamfuta. Ka karɓi wasiƙar yabon da ta ce za ta rubuta, ka sa a fayil ɗinka.

Gobe, ba jibi ba, ka sauke lasisin nan daga bango, ka je ofishin ilimi da shi a hannu. Ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, kuma ƙa'idojin nan sukan sauya, don haka ka tambaya da bakinka abin da ake buƙata daga wanda ya makara shekara huɗu, da ranar rufewa, ka rubuta a takarda. Kafin ka fita ka gaya wa Rabi'atu. Wadda ta yi shekara huɗu tana goge abu ta cancanci ta ji labarinsa daga bakinka. In sabon ya fito, ka ce wa kafinta ya bar layin ƙasa a buɗe.

Batun zama da yaran da ka koyar, wanzami ne dai ba ya son jarfa. Ka riga ka yi tafi a bakin hanya masu babur suna kallo, na cikin zaure ba zai kashe ka ba. Kuma tunda ka haddace darussan, ina kyautata zaton kai za ka riƙa ɗaga hannu kafin kowa.

Saura waken suya. Kai da ka ƙirƙiro gayyar bita, yaya aka yi ka manta da gayyar asali? 'Yan aji huɗun da ka koyar cikin shekara ashirin da uku, da yawansu yanzu magidanta ne a garin nan, wasu da shanun huɗarsu. Ka sa a dafa abinci, ka kira su. Kuma mutum na farko da za ka yi wa sallama shi ne Alhaji Manu. Ka gaya masa komai da bakinka, ka bar shi ya yi dariyarsa har ta ishe shi, ai yana bin ka bashinta. Sannan ka roƙe shi ya tsaya maka a kan aikin, ka ce masa maganar da ka gaya masa a gonarsa ce ta zagayo kanka: gona tana iya samun wani hannu, amma kujerar aji mai ita kaɗai take jira.

Ranar da Malama Adaku ta buɗe rajista ta kira sunanka a Malumfashi, ina so a ji muryarka, ba ta wani ba. Allah ya ba ka sa'a, ya sa waken ya shiga buhu lafiya, ya bar ka da 'yan aji huɗunka.

Taka,
Gwaggo