Geron Suna a Kan Attarugu

Anti Hidaya, ki taimake ni.

Aikin farko yau: wanke inji. Ni na wanke, don na daina yarda da wankin ƙanina Jonah. Injin markaɗe gare ni a unguwar Sauka Kahuta, Jonah ke tsaya mini tun da ya gama sakandare. Dokar aikin ɗaya ce: in an markaɗa kayan miya, sai an wanke inji kafin a zuba gero. Da can komai yawan bokitai ya san na kowa. Tun bara ya fara sakin aiki a tsakiya. Kina magana yana kallonki, kafin ki dire hankalinsa ya yi gaba. Makon jiya ya zuba geron kunun sunan jikar Maman Azumi a kan attarugu. Ranar suna mata suka yi ta tari, aka tuttular da kunu a kwata, aka zo har ƙofata aka zagi uwata da ke kabari.

Yanzu "Ba Sabis" ake ce masa. Matan layinmu sai su ɗaga bokiti sama, kamar masu neman sabis ɗin waya, wai a hau bishiya ko za a same shi. Ina taya su dariya, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke ƙona mini rai, maganata ba ya ji, amma inji na ƙara zai juya yana ba bango amsa. Sai na gwada shi. Na laɓe bayan labule ina raɗa sunansa, ina ce masa ɓarawo. Ya toshe kunnuwa, ya durƙusa yana roƙon a ƙyale shi. Na maimaita washegari don in tabbatar. To wanda ya ji raɗa, yaya zai kasa jin "wanke inji"? Ko ni ce ban gane ba?

Sau ɗaya na kai shi asibiti. Likita ta riƙa karanto haruffa, ta ce ya buga tebur duk sanda ya ji "A". Ya fara daidai, can ya ɓace. Ta ambaci wani ciwon ƙwaƙwalwa wai sikizofireniya, ta ce mu dawo. Maigidana, Baban Gift, ya ce gwajin wasan 'yan firamare ne, wiwi ne kawai ko iskanci. Ya gama magana da wani mai magani a bayan garin Gwada, mai sa wa mutane marin ƙarfe a ƙafa. Asabar za a kai Jonah, kuma ni zan ce masa sarin doya za mu je. Shagalar nan shaidar ciwo ce ko raini? Gobe akwai canjin bel ɗin inji, da ban haƙuri gidan Maman Azumi, da ƙaryar nan da ban san ta inda zan faro ba.

Mai Inji, Minna

Amsa:

'Yar'uwa, zan fara da labulen. Abin da kika yi azaba ce. Mutumin da muryoyi suka addaba kika ƙara wa murya, kuma ta yayarsa. Kada ki sake.

An ci mutuncinki, sana'arki na tangal-tangal, haushinki na da dalili. Zargin maigidanki ma ba a jefar da shi, don wiwi na kawo irin wannan, haka rashin barci da baƙin ciki mai tsanani. Shi ya sa shagala kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma ga masu ciwon da likitar ta ambata takan riga sauran alamu bayyana, kuma takan daɗe. Kunnen Jonah lafiya lau. Abin da ya raunana shi ne ya riƙe magana ɗaya ya saki saura. Ƙarar inji da raɗa da umarninki duk tare suke sauka a kansa. Abin da likitar ke aunawa ke nan da haruffanta. In ta haɗa da amsa wa bango da canjin da ya yi tun bara, za ta san inda ta dosa. Ki gaya mata komai, har abin da kika yi a bayan labule.

Ki janye shi daga inji yau, kafin bel ya ci hannunsa. Ki ba shi aiki ɗaya a wuri shiru. Mari kuwa ƙafa yake ruɓarwa, bai taɓa gyara hankali ba. In kika yaudare shi da doya, ba zai ƙara bin kowa asibiti ba. Ki ce wa maigidanki ba za ki ba, ki samo fastonku ya tsaya miki, ki mayar da Jonah wurin likita kafin Asabar. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya.