Inna, Nuna Mini Rana

Assalamu alaikum Hajiya Nafisa. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan tambaya a nan Gusau, domin duk wanda na sani bai taɓa taka inda nake son zuwa ba.

Wata Laraba ce bayan azahar, ina tsakar gida a unguwarmu Damba ina ɓarar gyaɗa, waya ta yi ƙara. Lokacin kiran ɗana ne, shi ya sa ban ko duba ba, na danna na ɗaga ta sama wajen rana kamar yadda na saba. Na daɗe hannuna a sama ina jiran dariyarsa. Sai na ji numfashin mace. Da na sauko da wayar na ga fuskar matarsa Wasila, ga mutane tsaye bayanta cikin manyan rigunan sanyi. Kallo ɗaya na yi mata na gane ɗana ya rasu. Motar da ta ɗauko shi daga wurin aiki ce ta zame a kan ƙanƙara.

Bari in gaya miki dalilin ɗaga wayar. Garin da yake zaune sunansa Tromso, a ƙasar Norway, can bakin teku. Karatu ya kai shi, ya samu aiki wajen masu binciken kifi, ya zo ya ɗauki matarsa. A garin nan idan sanyi ya kankama, rana takan yi kusan wata biyu ba ta fito ba. Da farko na ɗauka tsokana ce, sai da ya nuna mini tagarsa da azahar, waje kamar bayan magariba. Tun daga nan kullum sai ya kira ya ce, Inna, nuna mini rana. In ɗaga masa, ya yi ta dariya, ya ce ya ƙoshi.

Ya sha cewa in zo in ga inda yake. To amma lokacin da garinsu ke da daɗi shi ne daminarmu, ni kuwa ina da 'yar gonar gyaɗa a Bungudu da mahaifinsa ya bar mini. In ce bari a gama shuka, in ce bari a gama noma. Idan kaka ta yi na ce to ga ni, sai ya ce a'a Inna, duhu ya shigo, ƙafarki ba za ta ɗauki wannan sanyi ba. Kuma ɗan fari ne. Kin san halinmu, ban taɓa kiran sunansa ba, wannan yaro nake cewa. Nauyi nake ji a ce na bar gona na hau jirgi saboda ɗan fari.

A can aka binne shi. Yanzu Wasila ta ce farkon shekara mai zuwa za ta tattaro ta dawo gida, idan zan zo in zo kafin nan, don bayan ita babu mai nuna mini kabarin. Ta ce in zaɓi lokaci.

Hajiya, tun ranar nan azahar ba ta yi mini daɗi. Ko babu waya a hannuna sai in ga hannun ya tashi sama da kansa. Idan na leƙa randa zan ɗebi ruwa, sai in ga kamar tagar nan tasa ce, shi yana ciki yana jira. Zuciyata tana ce mini in je a watan da ya rasu, cikin duhun, in ji abin da ya ji. Ƙanena Jibo ya ce wannan neman ciwo ne, in je farkon damina lokacin da rana ba ta faɗuwa a can. To idan ba ta faɗi ba, da me zan gane magariba? Wa kuma zai shuka mini? Wasila ta taɓa turo mini hoton maƙabartar a lokacin sanyi, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat kamar an shimfiɗa likkafani guda. Ta ce sai da ta tona da hannu kafin ta ga allon sunansa.

Wane lokaci zan je? Har yau ban tsaya a kan kabarinsa ba, kuma har yau ban kira sunansa ba.

Mahaifiyar wannan yaro, Damba, Gusau.

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, ke kuma Ya ba ki dangana.

'Yar'uwa, kada ki je cikin duhun. Na fahimci abin da ke jan ki, amma shi da kansa ya hana ki tun yana raye, kuma dalilinsa bai kau ba. Sanyin zai kama miki ƙafa, hanya santsi, kabarin a rufe. Ɗanki ba ya cikin duhun Tromso, yana hannun Ubangijinsa, kuma shan wahalarki ba zai ƙara masa komai ba. Addu'arki ce ke isa gare shi.

Jibo yana da gaskiya ta wani ɓangare. Daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuli garin ya fi haske da sauƙin sanyi, kuma salla ba za ta gagara ba, Musulmin garin suna da jadawalin da suke bi. Sai dai mai fama da abin da kike fama da shi tana bukatar dare ya yi ta runtsa, ga shi kuma hankalinki zai rabu biyu saboda shuka.

Shawarata, ki je ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba. A lokacin rana tana fitowa tana faɗuwa yadda kika sani, ƙanƙara ba ta saba rufe ƙasa ba tukuna, sai dai ruwan sama da iska mai sanyi, don haka Wasila ta tanadar miki riga mai kauri da takalmi rufaffe. A gida kuwa an gama noma, ba a kai ga cirar gyaɗa ba. Ki damƙa wa Jibo gonar na 'yan makonnin nan. Neman fasfo da biza yana cin lokaci, ki fara cikin wannan mako, Wasila ta turo takardar gayyata. Idan hannun nan da randar suka ci gaba da damun ki, ki faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, kin kuma riƙe ta iyakar riƙo. Amma ba ta shiga tsakanin uwa da addu'a. Ki sa Wasila ta kai ki da azahar, ki karanta allon da idonki, ki ambaci sunansa, ki roƙa masa gafara.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke ki iske gyaɗarki ta nuna.

Hajiya Nafisa