Uku na ƙarshe da baƙar aladiya ta haifa

Yaya Rifkatu,

Ina gaisuwa da kyau. Ya jikin Mama, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Keffi muna lallaɓawa.

Baƙar aladiyar da kika bar mini ta haihu ranar Talata. Naƙudar ta yi tsawo, uku na ƙarshe suka fito laƙwas, numfashi da ƙyar. Har na sa su a kwando zan kai bayan katanga in binne, yadda marigayi Baba ya koya mana, sai ga likitar dabbobi ta iso. Ta ce iska ce ta yanke musu a ciki. Ta ɗumama su, ta ɗiga musu maganin kafeyin a baki, wai sinadarin da ke cikin goro da kofi, yana zaburar da numfashi.

Ɗaya ya mutu. Biyun ni nake riƙe su a kan nono, don manyan na ture su. Ƙuguna kamar zai tsinke.

Amma ba ciwon ke damuna ba, Yaya. Nawa muka binne, ni da ke, da sauran ɗuminsu?

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama, amma kada ki ba ta labarin kwandon.

Ƙanwarki,
Ladi