Fatihar da Na Shafa a Bakin Kori

Saƙo daga wani dattijo ɗan wannan zaure, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'a, manya da yara. Don Allah shawararku nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon magana, tsoho ne ke rubutu, a hankali nake latsa wayar.

Ni mutumin Damagaram ne amma a Arlit na tsufa. Tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, na yi tun ina saurayi har idona ya fara gajiya. Na bi hanyar Tamanrasset da Janet da Sabha, na sauke kaya a Kano da Kwatano da Lome, hanya ta koya mini Tamajak da Larabci da Faransanci da ɗan Zabarmanci. Ba don alfahari na faɗa ba, sai don ku gane abin da ya sa ake jawo ni cikin maganar da ba ni na fara ta ba.

Ɗiyata tana aure a wata unguwa a gefen gari, da 'ya'yanta ƙanana. Mijinta mutumin Tawa ne, yaron kirki, ya yi aikin makanike a ma'adinai har aka rage ma'aikata, yanzu gyaran babura yake yi. Gidan da suke ciki na ƙasa ne, da hannunsa ya gina shi. Matsalar ita ce unguwar gaba ɗaya a cikin kori take, wato kwarin da ruwa ke bi idan an yi ruwan sama a kan duwatsu. Lokacin da na zo garin nan ko akurkin kaji ba a ginawa a wurin. Sai shekaru suka yi ta wucewa korin bai kawo ruwan kirki ba, gari kuma ya cika, mutane suka kafa bukkoki, bukkoki suka zama ɗakuna, ɗakuna suka zama unguwa har da masallaci.

Akwai 'yan siyasa biyu a cikin zancen. Ba zan kama suna ba, na farko zan ce masa Mai Farar Mota, na biyu Mai Lasifika. Yanzu ba a yaƙin zaɓe, amma ɗan siyasa ba ya ajiye aiki, kowannensu ya buɗe ƙungiya yana jiran lokaci. Mai Farar Mota shi ne a wani yaƙin zaɓe ya tsaya a tsakiyar korin nan, ina wurin da kunnena na ji, ya ce wa mutane su gina abinsu, kori ya mutu, duk wanda ya ce su tashi maƙiyin talaka ne. A lokacin Mai Lasifika shi ne mai dashen itatuwa, duk shekara sai ya zo da masu ɗaukar hoto a dasa, a tafa, a watse, awaki su zo su cinye. To bara Mai Farar Mota ya tafi wani konferans, wato babban taro, a ƙasar waje, ya dawo da canjin yanayi a bakinsa. Ya ce daga yanzu ruwa da ƙarfi zai riƙa zuwa, dole mutanen kori su tashi, ƙungiyarsa ta nema musu fili a bayan gari. Da Mai Lasifika ya ji haka sai shi ma ya juya, ya ce canjin yanayi zancen Turawa ne, sun ƙona nasu gawayin sun yi arziki, yanzu suna so su hana mu amfani da namu da ake haƙowa a Anu Araren, kuma filayen kori ake so a ƙwace a ba manya. Kowa ya ɗauki maganar da ɗan'uwansa ya ajiye, ko kunya babu.

Mutane kuwa sun mai da zancen abin wasa. Mai shayi ya rage sukari, a ce canjin yanayi ne. Mutum ya fara sanƙo, canjin yanayi. Wata tsohuwa mutuniyar Abzin, maƙwabciyar ɗiyata, ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Alhaji, ruwa in ya ci ɗaki yana bar maka fili. Wannan mai cewa mu tashi har fili zai ci." Gaskiya ban ga laifinsu ba, mutanen garin nan sun daɗe ana zuwa da manyan motoci ana yi musu jawabi, sannan a tafi a bar su yadda aka same su. Duk ƙasar da na je haka na tarar, sai dai a wasu wuraren idan mai jawabi ya ce ruwa na zuwa, akan ga ya haƙa ko da magudana ɗaya ce kafin ya tafi.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, ban yarda da Mai Farar Mota ba, amma na yarda da abin da ya faɗa. Ban yi karatun yanayi ba, ban san abin da ake tattaunawa a konferans ba. Abin da na gani na sani. Wata rana kusa da Tamanrasset, rana tsaka, babu ko girgije a kanmu, ruwan da aka yi can kan duwatsu ya sauko ya ɗauki kamiyon abokina da kayan da ke kansa kamar kwali, muna tsaye a tudu muna salati. A da irin wannan labari ne da direba zai yi ta bayarwa har ya tsufa, don ba kasafai ake ganinsa ba. Yanzu kusan kowace damina sai wani ya kira ni ya ba ni sabo. Makiyayan karkarar Dannet da nake hira da su a kasuwa sun ce ruwan da a da ake rabawa cikin wata guda, yanzu yini ɗaya yake zubowa, sannan sama ta yi shiru. Da Larabci, da Tamajak, da Zabarmanci, magana ɗaya nake ji a bakin tsofaffi irina, ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Daminar bara korinmu ya kawo ruwa har gwiwa a bakin unguwar, ya kayar da wasu katangu ya wuce. Mutane suka ce ka gani, iyakar ƙarfinsa ke nan. Ni kuwa a raina na ce sallama kawai ya yi.

Ga inda na shiga ciki. Kwanakin baya na je duba jikokina, la'asar ta same ni a unguwar, na yi salla a masallacinsu. Bayan an idar sai na ga ba wanda ya tashi, ashe taro suka kira, kuma surukina ne ya tara mutanen. Aka yi ta magana, aka tsaya a kan cewa ba mai tashi, ko tabarma kada wani ya fitar daga unguwar, domin in mutum ɗaya ya kwashe kayansa za a ce ai sun fara yarda, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ni baƙo ne a wurin, kuma gaban suruki nake, sai na koma gefe ina saurare. Da aka gama sai wani ya ce, "Ga Baba nan, shi ne babba, Baba a yi mana addu'a." Kun san al'adarmu, ba a ce wa dattijo ya yi addu'a ya ce a'a. Na ɗaga hannu na roƙi Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, na ce Fatiha, aka shafa. A wurina addu'ar tashi daga taro ce irin wadda na saba yi a suna da ɗaurin aure. A wurinsu kuwa alkawarin ne aka ɗaure, kuma ni na ɗaure shi. Kafin in kai gida labari ya riga ni, wai har Alhaji da ya ga duniya ya sa albarka.

Tun daga nan ban huta ba. Ba zan iya zaunar da surukina in yi jayayya da shi ba, akwai kunya tsakaninmu, sai na aika kawunsa. Ya dawo mini da amsa cikin ladabi. Wai a ce wa Baba yana gaishe ni da girma, amma shi ya tara mutanen ga, in shi ya fara kwashe iyalinshi da wane ido za shi kallonsu, kuma ai da ni anka shafa Fatiha. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaya. Ya ce addu'a ba rantsuwa ba ce, babu kaffara a kaina, kuma tsare rai yana gaba da komai. Na ce to Malam ko za ka faɗi haka ranar Juma'a? Ya ce a'a Alhaji, sai a ce na shiga siyasa.

Sai ga Mai Farar Mota ya aiko a kira ni. Na je, ya tarbe ni da Baba sama Baba ƙasa, aka kawo shayi. So yake in bi shi gidan rediyo in faɗi abin da na gani a hanya, da Hausa da Tamajak, don ya ce mutane suna jin maganata. Na tambaye shi in mutane sun tashi me za a yi da filayen korin, ya yi dariya ya ce wannan sai kwamiti ya zauna. Na ce to za ka fito ka ce kai ne ka ce musu su gina, ka ba su haƙuri? Ya ce, "Haba Baba, wancan lokaci daban, kar mu tada tsohon zance." Daga gidansa na sa aka kai ni filin da ya ce ya nema musu. Tudu ne, ruwa ba zai kai can ba, wannan gaskiya ne. Amma babu famfo, babu inuwa, da nisa da kasuwa, abin da ke tsaye a wurin allo ne kawai mai sunan ƙungiyarsa. Maganar rediyo kuwa ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Na gwada yin maganar da bakina ba da na kowa ba. A majalisarmu ta tsofaffin direbobi na ce jama'a, mu ajiye 'yan siyasa gefe, korin nan fa zai kawo ruwa. Wani abokin tafiyata, mutumin da muka sha raba ruwan jarka ɗaya da shi a cikin sahara, ya dube ni ya ce, "To Alhaji, an ga shigarka gidan jiya. Yaushe za a kawo taka farar motar?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma tun ranar ban koma majalisar ba.

Matata, Hajiya, ta gaji da ganina haka sai ta kawo tata dabarar. Ta ce ta kwanta ta ce ƙafarta ta tashi, a aiko ɗiyar da yara su zo jinya, su zauna har damina ta wuce. Ba a saɓa alkawari ba, ba a ce na ɗauke matar mutum daga ɗakinta ba tare da laifi ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Da farko na ji daɗin shawarar. Daga baya na ce to shi mijin fa, a can zai kwana. Tsohuwar nan ta Abzin fa, da yaran maƙwabta da ke rugowa suna ce mini Kaka in na shiga unguwar? Wato in san abin da na sani, in zare nawa a ɓoye, in bar na mutane. In ruwan bai zo ba, na sa matata ta yi ƙarya a banza. In ya zo, kowa zai gane ciwon ƙafar nan, kuma za su ce da bakinsa ya ɗaure mu sannan ya kwance nasa.

Kuma ina so ku sani, ban da tabbacin komai. Mai yiwuwa bana korin ya bushe ƙurmus, da baɗi, da shekarar da ke biye. Mai yiwuwa in sa su bar gidan da yaron nan ya gina da guminsa, a raba filin ga wasu, ruwa kuma bai zo ba har in mutu. Allah kaɗai ya san wannan.

Hajiya ba ta jira ni ba, ta kira ɗiyar ta gaya mata dabarar. Shekaranjiya sai ga wayarta. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ni ma in na ga hadari ta gabas gabana faɗuwa yake yi, ban gaya wa kowa ba ne. In ka ce in taho zan taho. Amma kar Inna ta kwanta ciwon ƙarya saboda ni. Ka zo ka faɗa da bakinka, a gabansa, a gaban mutanen da kuka yi addu'a tare." Na ce mata to, zan zo ranar Juma'a. Na faɗa ne kawai don ban san abin da zan ce ba.

To jama'a ga ni. Don Allah kada ku cika wurin sharhi da gardamar ko canjin yanayi gaskiya ne ko ƙarya, ko wane ɗan siyasa ya fi wane, na gaji da wannan, shi nake ji safe da yamma. Abin da nake tambaya, in na tsaya a ƙofar masallacin unguwar korin nan ranar Juma'a, me zan ce? In ce musu mutumin da suka sani da saɓa magana wannan karon gaskiya ya faɗa, alhali ba ni da wurin kirki da zan ce su koma? Ko in roƙi a fitar da mata da yara kawai zuwa gidajen dangi na watannin damina, maza su tsare filayensu, ko da za a ce an saye ni? Ko kuwa in ɗauki ɗiyata da jikokina a gaban kowa, in bar surukina da kunyar mutanensa, aurensu ya shiga halin da ban san ƙarshensa ba?

Masu ilimin addini, da waɗanda ruwa ya taɓa shiga gidajensu, da ku matasa da kuka san yadda ake yi wa tsaranku magana su ji, ku taimake ni kafin Juma'a. Ɗiyata ta ce za ta tsaya daga bayan katangar masallaci ta saurara.