Hannun Jarin da Alhaji Sada Ke Talla

Laraba, bayan isha'i

Yau na sami Alhaji Sada a Babbar Kasuwa da rahoton kamfanin da yake zuga Yaya Binta ta zuba kuɗin sallamarta daga aikin koyarwa. Na nuna mashi, tun da soja suka koma bariki farashin hannun jarin sai hawa yake, riba kuwa ba ta motsa ba. A da ribar 'yan shekaru ke maido kuɗin mutum, yanzu sai dai jikokinta su gani.

Ya yi dariya. "Malam, wa ke duba riba? Kowa saye yake."

Ashe nashi hannun jarin yake son saida mata. Tir! Ko hannu ban ba shi ba.

Da na gaya wa Yaya, sai ta ce, "Sada? Ni fa na koya mashi lissafi."