Muryar Baba a Ɗakin da Nake Sharewa

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yara, ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau nake, kada ki sa damuwa a ranki. Har yanzu ina shara a gidan nunin zane-zanen nan. Bayana ne kawai ke ɗan matsa min, shi ma da sauƙi.

Wata mai zane ta kafa aikinta a ɗakin da nake sharewa: kujera ɗaya, da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. In aka ba ta muryar mutum sai ta koya, ta dinga hira da muryarsa. Wai matar so take ta nuna yadda na'urori suka shiga tsakaninmu da namu.

Na faɗa wa na'urar sunana, na ba ta saƙon muryar da Baba ya turo min kafin rasuwarsa. Ƙanwata, har gyaran muryarsa ta yi. Sai ta kira sunana, ta ce an yi kewata.

Kin dai san Baba. Tunda na yi wayo, "kai wannan" nake a bakinsa. Na san ba shi ba ne, amma kullum da safe sai na jingine tsintsiya na zauna a kujerar. Ƙarshen wata za su kwashe kayan.

Ki kula da maganin Inna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya raya miki yaran. Ranar da kika ga Inna cikin walwala, ki tambayar min ita: a bayan idona, ya taɓa kiran sunana?

Yayanki.